Bitar kwana uku kan tafiyar da ma'aikata a injinan casar Kura: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Duk mai injin casar shinkafa a Kura, Bunkure ko Garun Malam, kukansa ɗaya ne da na maƙwabcinsa. Ofareta ya ƙware sai ya gudu. 'Yan dako na zaune a inuwa, mota na jira. Buhu ya fita da tsakuwa, ba a san hannun wa ba. Ga kuma yaron da aka ɗauka don ɗan ƙanwar Alhaji ne, ba ya aiki, ba ya koruwa. Amsar da ake bayarwa a majalisa kusan kullum ita ce wai yaran yanzu ba sa son wahala. Bitar da zan yi magana a kanta an gina ta ne a kan ƙin yarda da wannan amsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: yawancin abin da ake kira lalacin ma'aikaci, tsarin aikin ne ya haife shi.

Masu shirya ta mutum uku ne. Biyu sun karanci ilimin halayyar ɗan Adam, reshen da ya shafi aiki da ma'aikatu, na ukun kuwa tsohon manajan masana'anta ne. Suna zagaya garuruwan da ke noma da ruwan madatsar Tiga, suna tara masu injina da manajoji da masu kula da lebura. Kwana uku ne, daga ƙarfe 9 na safe zuwa la'asar, da hutun azahar. Ba sa wuce mutum 24 a zama ɗaya, ana raba su shida-shida. Kowa na tafiya da ɗan littafi mai shafi 40 da fom iri huɗu. Kuɗin kujera ɗaya ya ɗan ɗara farashin buhun gyararriya mai kilo 50, da abincin rana a ciki. Akwai kuma ziyarar inji bayan mako shida, wadda ake biya daban, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin tsimin da ba riba a cikinsa.

Safiyar ranar farko ita ce mafi rauni, gara a faɗa tun yanzu. Awa uku ake kashewa a kan tarihi, da majigi da Turancin da ake fassarawa a tsaye. Ba wai tarihin ba shi da amfani ba. Ya kyautu mai inji ya san cewa tun 1913 wani Bajamushe mai koyarwa a Amurka, Hugo Münsterberg, yake gwada direbobin taragon cikin gari don gano wanda zai rage haɗari, wato ba jiya aka fara wannan sana'a ba. Matsalar ita ce ana koyar da wasu abubuwa kamar saukakku, alhali masu fannin sun daɗe da sa musu alamar tambaya. Dalar buƙatu ta masanin halayya Maslow, wadda ya fitar da ra'ayinta a 1943, ana zana ta a allo a ce sai ciki ya cika mutum yake neman mutunci. Bincike bai tabbatar da wannan jeri ba, kuma zanen dalar ma ba shi ya yi ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako ya ajiye buhu ya bar kuɗin yininsa don an zagi uwarsa, ya san mutunci ba ya jiran ƙoshi.

Haka labarin masana'antar Hawthorne da ke kusa da Shikago, inda aka yi gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932. Yadda ake ba da shi a bitar: an ƙara hasken fitila aiki ya ƙaru, an rage hasken aiki ya sake ƙaruwa, ashe kulawa ce kawai ma'aikaci yake so. Labari mai daɗi, amma da masana tattalin arziki biyu, Levitt da List, suka tono ainihin alƙaluman gwajin fitilar suka sake lissafi a 2011, abin bai fito fes kamar yadda ake faɗa ba. A ɗakin mata masu haɗa kayan tarho ma, an canja musu tsarin biya, an kuma sauya biyu daga cikinsu ana tsakiyar gwaji. Abin da ya fi dacewa da Kura a wannan bincike shi ne wanda ake wucewa da sauri: maza 14 da aka sa wa ido, aka ga sun yanke wa kansu iyakar aikin yini, duk wanda ya wuce sai 'yan'uwansa su yi masa ca. Wannan yana nan a kowace tawagar 'yan dako.

Daga azahar ɗin ranar farko bitar take miƙewa. Ana farawa da tantance aiki, wato rubuta abin da aiki yake buƙata a zahiri kafin a yi maganar wanda zai yi shi. Hanyar da suke bi ta John Flanagan ce, ta 1954, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda. Kowane mai inji zai tuna lokuta goma da ofareta ya yi abin da ya ceci dukiya, da goma da ya yi abin da ya jawo asara. Sharaɗin shi ne a faɗi abin da mutum ya aikata, ban da siffanta shi. "Ba shi da hankali" ba ta shiga. "Ya ji ƙarar inji ta canja bai kashe ba, har rariya ta yage" ta shiga. Sai a rubuta kowanne a guntuwar takarda, a baje a tabarma, a tara masu kama da juna. Kusan kullum tsibi biyar ko shida ke fitowa: kunne da ido a kan inji, gane bushewar shanshera, tsaftace wuri, gaskiya a kan sikeli, mu'amala da masu kawo casa, da kai rahoto da wuri. Awa ɗaya da rabi ya isa. Inda ake tuntuɓe shi ne idan maigida kaɗai ya cike takardun, domin shi abin da ya gani daga bakin ƙofa yake tunawa. Dole a zaunar da tsohon ofareta ɗaya da mai kawo casa ɗaya su ba da nasu.

Rana ta biyu, ta ɗaukar ma'aikata, ita kaɗai ta isa dalilin biyan kuɗin. Suna kafa hujja da abin da aka tattara na shekaru masu yawa. A 1998 Schmidt da Hunter sun haɗa binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, a 2022 kuma Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin da tsauri. Ma'aunin daga sifili yake zuwa ɗaya: sifili na nufin hanyar ba ta fi canki-canka ba, ɗaya na nufin ba ta taɓa kuskure. A sabon lissafin, ganawa mai tsararrun tambayoyi ta samu 0.42, gwajin aiki a aikace 0.33, hirar da ba ta da tsari kuwa 0.19. Yawan shekarun makaranta, a lissafin 1998, 0.10 kacal ya samu. Ma'ana, zama da yaro a tambaye shi ɗan wane gida ne, a kalli idonsa a ce "na ga alamar natsuwa", ita ce hanyar da kowa ya fi yarda da ita, kuma tana cikin marasa ƙarfi.

Ga yadda suke tsara ganawar. Daga kowane tsibi na jiya a fitar da tambaya ɗaya, shida ke nan. Kowane mai nema a yi masa shidan, a jere ɗaya, da kalmomi ɗaya. Misali: "Ana tsakiyar casa, mai kaya na tsaye yana gaggawa, sai ka ga shinkafa na fitowa a karye fiye da ɗazu. Me za ka yi?" Tun kafin kowa ya shigo an rubuta amsar da ta cancanci maki 1, da ta 3, da ta 5. Wanda ya ce zai ƙarasa buhun tukuna, 1. Wanda ya ce zai tsaya ya kira heluma, 3. Wanda ya ce zai rage zuba, ya tauna ƙwaya ya ji bushewarta, ya duba saitin inji, sannan ya gaya wa mai kaya abin da ya gani, 5. Mutum biyu ke ba da maki, kowa a takardarsa, ba a haɗa baki sai an gama. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita aka fi karyawa, kuma ita ce ginshiƙin. Idan Alhaji ya gyaɗa kai tun a tambayar farko, akawu ba zai rubuta 2 ba. Malaman suna cewa ƙaramin ya fara karanta makinsa, kuma sun yi daidai. Akwai kuma cutar da Thorndike ya gano tun 1920 a makin da hafsoshin soja ke ba na ƙasa da su: mutum ya burge ka a abu ɗaya, sai ka ba shi maki mai yawa a komai. A nan, yaro mai ladabin gaisuwa da tsaftar kaftani shi ke kwashe wannan garaɓasa.

Gwajin aikin ya fi sauƙi. A ba mai nema rabin buhu na turararriyar shanshera da inji a kashe, a tsaya gefe da takarda. Ya duba mai da ruwa? Ya taɓa bel ya ji tsaurinsa? Ya leƙa rariya? Ya gwada bushewar kayan, ko da haƙori ne in babu na'ura? Danshin da ake so a casa kashi 14 ne cikin ɗari. In ya fi haka shinkafa na laushi ta cushe inji, in ta bushe ƙayau a rana mai zafi ƙwayar na tsattsagewa tun kafin ta shiga. Bayan ya gama a ɗebi giram 100 daga abin da ya fito, a tsince duk ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba, a auna a ƙaramin sikeli. Minti 40 ga mutum ɗaya. Kuskuren da ke ɓata gwajin: a ba wannan shanshera daga wannan buhu, a ba wancan daga wani. Dole duk masu nema su ɗiba daga tsibi ɗaya da aka cakuɗa, in ba haka ba shinkafar ake gwadawa, ba mutum ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi kamar ba su san alfarma ba. Ba su ce a daina ɗaukar ɗan'uwa ba, domin sun san ba wanda zai ji. Cewa suka yi ɗan'uwan ma ya shiga gwaji, sannan maigida ya yanke hukunci ido buɗe. In makinsa a kan inji 2 ne, a kai shi sikeli ko sito, kada a damƙa masa inji. Sun kuma raba abu biyu da ake cakuɗawa: dattijon da ya tsaya wa yaro, amana yake tsaya wa, kuma wannan tsohuwar al'ada tana aiki, a riƙe ta. Amma tsayawar liman ba ta sa mutum ya iya saita inji.

Da yammacin wannan rana ake kawo abin da ya kamata a jefar: gwajin hali na takarda, irin mai raba mutane gida 16, kowa a ba shi haruffa huɗu. Mahalarta na sonsa ƙwarai, domin kowa na son jin labarin kansa. Amma mutum ɗaya kan yi shi yau, ya sake bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan, kuma masu gwajin da kansu sun ce ba a yi shi don ɗaukar aiki ba. Ga fassarar ta kwana a hanya: ana tambayar ɗan Kadawa ko ya fi son babbar liyafa ko zama shi kaɗai da littafi. Ga kuma babbar matsala, da yawa cikin ofaretoci da 'yan dako allo suka yi, ajami suke karantawa, ba boko ba. Fom ɗin sai ya koma gwajin karatun boko. Sojan Amurka ma a yaƙin duniya na farko sai da suka yi gwaji na dabam mai zane-zane don waɗanda ba sa karatu. Gaskiya ne akwai hali ɗaya da bincike ya nuna yana tafiya da nagartar aiki a kusan kowace sana'a, wato kula da cika alkawari, kamar yadda Barrick da Mount suka nuna a 1991. Sai dai wannan an fi ganinsa a makon gwaji: ya zo kan lokaci, ya share wuri ba a ce masa ba, ya mayar da sifana inda ya ɗauke ta.

Rana ta uku ta biya ce, kuma a nan gardama ke tashi. Jinga ko kuɗin yini? Malaman ba su ɓoye cewa jinga na ƙara sauri ba. Sun kawo kamfanin saka gilashin mota a Amurka da Edward Lazear ya nazarta, inda aka koma biyan kowa gwargwadon abin da ya saka, aiki ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, kusan rabi don mutane sun ƙara himma, sauran kuma don masu sanyin jiki sun tafi, masu zafin nama sun zo. Amma abin da ka biya shi za ka samu, ba ƙari. Ka biya ofareta a kan buhu, zai cika wa inji baki ya matse saiti. Ka biya masu shanya a kan buhu, za su kwashe kafin ta bushe. Lissafin da suke sa kowa ya yi a allo shi ne wannan: a kilo 100 na shanshera, buntu ya kai kilo 20, dusa 8 zuwa 10, saboda haka rufin abin da za a samu wajen kilo 70 ne, ƙananan injina kuma ba sa kai wa nan. A ce inji na cin buhu 40 a yini, gaggawa na zubar da kilo 2 a kowane buhu, kilo 80 ke nan, buhu ɗaya da rabi na gyararriya har da ɗoriya, kullum. Maganin da suka bayar: a bar jingar, amma a ɗaura mata sharaɗi. A ɗebi samfuri sau uku, hantsi, azahar da la'asar, kuma ƙarin kuɗin mako ya dogara da karyayya ba ta wuce iyakar da aka yi yarjejeniya ba. Wanda ke ɗiban samfurin kada ya zama mai cin ƙarin.

A kan sa wa ma'aikata buri, hujjarsu mai ƙarfi ce. Latham da Baldes a 1975 sun ba da rahoton direbobin manyan motocin katako da aka daɗe ana ce musu su yi iya ƙoƙarinsu, suna loda wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin da doka ta yarda. Da aka ce musu a kai 94, ba tare da ƙarin albashi ba, cikin 'yan watanni suka haura 90. "Ku dage" ba umarni ba ne. "Mota mai buhu 300 ta tashi kafin azahar" umarni ne. Gargaɗin da ya kamata su ƙara nanatawa: adadi ɗaya tak in aka kafa, za a cika shi ko ta halin ƙaƙa, har da buhun da bai cika ba.

Sai maganar 'yan dako da zaman inuwa. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa mutum takwas in suka ja igiya tare, ƙarfin da ke fitowa kusan rabin jimillar abin da kowannensu zai ja shi kaɗai ne. Wani zai ce to gayya fa, ai mutum talatin ke gama gona kafin azahar? A gayya kowa da kunyarsa da ya kama, kowa na ganin inda wani ya kai, ga makaɗi na kiran suna. Wanda aka bari a baya, kunyar ƙasa ta tona masa asiri, ta ido ta kama shi. Tawagar mutum 12 da ake ba kuɗi a dunƙule ba ta da wannan. Shawarar bitar ita ce a raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, su zaɓi junansu, kowace ƙungiya da layinta a allo da alli. Abin da ke ɓata wannan shi ne rabon aiki: in ƙungiya ɗaya kullum tana samun tsibin da ke bakin ƙofa, ɗaya kuma na can ƙuryar sito, rigima ce. A riƙa juyawa. Tun 1963 Stacy Adams ya nuna ma'aikaci ba kuɗinsa kaɗai yake dubawa ba, yana auna guminsa da ladansa da na na kusa da shi. Masu ƙara wa wani a ɓoye su sani, a gari irin Bunkure kafin isha'i an ji a wurin mai shayi.

Sashen gyara kuskure gajere ne, amma an yi shi da sanin mutane. Kluger da DeNisi a 1996 sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje, suka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka gaya wa mutum yadda aikinsa yake, aikin lalacewa ya ƙara yi. Hakan na faruwa ne idan magana ta bar aiki ta koma kan mutum. A nan abin ya ninka, domin sau da yawa heluma ɗan shekara 28 ne, wanda zai gyara kuwa sa'an babansa. Ana sa mahalarta su gwada biyu-biyu. Ba a gaban yara ba, ba ana tsakiyar aiki ba, a fara da gaisuwa, sannan: "Baba, samfurin azahar ya nuna karyayya giram 30, jiya 18 ne. Me kake ganin ya canja?" Tambaya ce, da adadi a ciki, kuma ta bar masa ƙofar cewa shansherar yau ce ba ta bushe ba, wanda sau da yawa shi ne gaskiyar.

Fom ɗin da na ƙasa ke ba maigida maki kuwa, ɓarnar takarda ce. Kara ba za ta bari ba, kuma a wurin mutum 15 kowa ya san rubutun kowa. Biyar-biyar za a jera. Abin da ke aiki shi ne tambayar da ba ta taɓa mutum ba, a bakin wanda ba ya biyan albashi: "Me ya tsayar da aiki a makon nan?" A nan za a ji cewa man inji ba ya zuwa sai hantsi domin makullin sito na aljihun Alhaji. Haka batun tara. Amy Edmondson ta gano a asibitoci cewa tawagogin da suka fi kyakkyawan shugabanci sun fi yawan kurakurai a rubuce, ba don sun fi yi ba, don ba sa tsoron faɗa. Ka cire wa ofareta kuɗin rariya daga ladansa sau ɗaya, nan gaba ƙusa ta yaga ta zai yi shiru ya ci gaba, buhu goma su fita da buntu. Ƙa'idar da suka ba da: wanda ya faɗa cikin awa ɗaya ba tara, wanda ya ɓoye aka gano shi ke biya.

Inda bitar ta gaza ƙwarai shi ne jiki. Minti 40 kacal aka ba gajiya da ƙara da aikin dare, alhali injinan da ke jiran wutar lantarki sau da yawa tsakar dare suke aiki. Jikin mutum ya fi sanyi tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, kuma haɗari na hawa bayan awa takwas, a awa ta 12 ya kai ninki biyu. Wanda ya yini a shanya, bai kamata ya kwana a bakin bel ba. Ƙara kuwa, iyakar da masana lafiyar aiki ke bayarwa ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. Ba sai da na'ura ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, an kai wurin. Toshen kunne ba shi da tsada, kuma ofaretan da ake cewa ya fara taurin kai, wani lokaci ji ne ya ragu. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma an ambace ta ne a wuce: hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya ga wanda ya yi awa shida ko fiye, yini ɗaya a kowane bakwai, da takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Babu ko kalma a kan azumi da zafin bazara, lokacin da ya kamata dako da shanya su koma bayan asuba. Babu kuma zama na mata, alhali turara, wadda ita ke yanke hukuncin ko ƙwaya za ta karye a inji, mafi yawanta a hannunsu take a cikin gidaje. Ka gyara ofareta ka bar mai turara, ka ɗinke rabin buhu.

To, ko irin wannan horo na komawa kuɗi? Akwai shaida daga kusa. A Lome ta ƙasar Togo an gwada masu ƙananan sana'o'i 1,500, sakamakon ya fito a 2017: waɗanda aka ba horon da aka gina a kan ilimin halayya, na zaburar da kai da hangen matsala kafin ta zo, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, waɗanda aka ba horon kasuwanci na gargajiya kuwa 11, wanda bai ma kai a tabbatar da shi ba. A masaƙun Indiya, inda aka koya wa manajoji tsarin tafiyar da aiki, rahoton 2013 ya nuna ƙarin aiki na kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Amma a duka biyun ba a sallami mutane daga aji aka tafi ba, an bi su har wurin aiki na tsawon watanni. Shi ya sa ziyarar mako shida ba ƙari ba ce. Wanda ba zai biya ta ba, ya riƙe kuɗin kujerarsa ma. Kuma kada maigida ya aika manaja shi ya zauna. Duk abin da aka koya, daga gwada ɗan'uwa zuwa yafe tara, sa hannunsa yake jira.

Takardar da masu bitar ke rabawa a ƙarshe tana tambaya ne ko an ji daɗi, ko abinci ya yi. Wannan shi ne matakin farko cikin huɗu da Kirkpatrick ya shimfiɗa a 1959. Sauran su ne ko an koya, ko hali ya canja a wurin aiki, ko sakamako ya canja. Ukun nan mai inji ne zai auna wa kansa, kuma sai ya fara kafin bitar. Mako huɗu kafin ranar, a sayi littafi mai layi, akawu ya riƙa rubuta abu biyar kullum: mutum nawa ba su zo ba, awa nawa inji ya tsaya da dalilinsa, kilo nawa aka samu a buhu, giram nawa na karyayya a cikin 100, da wanda ya bar aiki. A ware awannin rashin wuta a layinsu dabam, don kada su rufe sauran. A nemi a sa bitar kafin shinkafar damina ta shigo, lokacin da inji ke da sarari, a kuma roƙi malaman tun wurin ciniki su cire gwajin haruffa huɗu, su mayar da awanninsa kan aikin dare da masu turara. Ranar ziyara, littafin nan za a fara buɗe musu kafin a kawo ruwa.